Kurangar Bayan Rumfar Itace

A lambunan bayan tsohuwar tashar garin Smiltene, in aka ambaci Velta sai a ce matar nan mai hannun shuka. Wasu kuma su ce bakin ya fi hannun kaifi. Mai raba wasiƙu ta ce ba ta taɓa shiga gidan a watan Satumba ta fito hannu wofi ba, ba ta kuma taɓa fitowa ba a gaya mata laifin takalminta ba. Abu ɗaya ne ba a gardama a kansa: kurangar nan huɗu mai 'ya'yan zaƙi da ake kira aktinidiya, da marigayi mijinta Arvids ya dasa, waɗanda suka lulluɓe barandarta har rufi, babu irinsu a garin.

Ƙarshen Agusta takan shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a ƙarƙashinsu, don 'ya'yan da sun nuna zubowa suke yi. Koraye ne, ba su wuce kan babban yatsa ba. Ba ta dafa su, wai wuta kashe su take. Ɗanyu take niƙawa da sukari, ta ɗura a kwalabe ta kai ɗakin ƙasa, duk hunturu ana ɗiban cokali ɗaya a shayi.

Shekara biyu ke nan ba ta shimfiɗa zane ba.

Imants ƙanen Arvids ne, lambunsa na manne da nata. Dā ma fili ɗaya ne na mahaifinsu aka raba da shinge. Ya haura sittin, amma har yau Auta take kiransa. Ranar da aka binne Arvids ta kama hannun rigarsa ta ce, "Auta, roƙona ɗaya ne. Duk abin da ya dasa, a bar shi inda yake." Ya ce to.

A kakar shekarar ya sare wata kuranga a bayan rumfar itacensa. Ita ma Arvids ne ya dasa ta tun kafin a yi shinge. Kyau dai akwai, ganyenta kan yi fari sannan ruwan hoda, amma shekara talatin ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa yi ba, ga ta tana ɗaga masa kwanon rufi. Ya tone saiwar, ya ƙone. Daga barandar Velta ba a hango wurin, shi kuma bai ga dalilin tayar da magana ba.

Shekarar farko da kurangar Velta ba su yi 'ya'ya ba, kowa ya ɗora wa sanyin da ya sauko a watan Mayu. Ta biyu babu sanyi. Fure ya cika, ƙamshi har titi, ƙudan zuma na ta shawagi, sai ga furen ya bushe ya zube babu komai a bayansa. Velta ta ce laifinta ne. Dā Arvids ke datse rassa. Da ta ɗauki almakashin da kanta, a watan Afrilu ta yanka, kurangar ta yi mako tana zubar da ruwa.

Wata Asabar ta watan Yuli Imants ya je kasuwa sayen igiya. Yana wucewa ya ji wata mai sayar da dashen aktinidiya tana wa wata tsohuwa tsiya.

"Uwata, mata biyu za ki ɗauka ba namiji? To ganye za ki ci."

"Ni 'ya'ya nake so. Me zan yi da wanda ba ya haihuwa?"

"Shi ba ya yi, amma in babu shi su ma ba sa yi. Ɗaya ya ishi gida, har maƙwabta su samu."

Imants ya tsaya. Ya ce, "'Yar nan, yaya ake gane namijin?"

"Ganye, Baba. Shi ne ɗan kwalliya, fari-fari, ruwan hoda. Ba ya tsinana komai sai fure." Ta yi dariya. "Ka san halinku."

Bai yi dariya ba. Ya nuna wani ɗan tsiro a gwangwani ya tambayi yaushe zai yi fure.

"Shekara uku. Huɗu in ya ga dama."

Ya saya, ya tura a ƙasan jaka, ya rufe da igiyar.

Ya dasa shi daidai inda ya tone wancan. Kwana uku yana zagayawa da bokiti kamar mai jinya. Da safiyar na huɗu ya tarar da kyanwar Velta tana birgima a ramin, ta tauna ɗan tsiron har ƙasa, tana lumshe ido. Ya manta yadda kyanwa ke haukacewa a kan ɗanyen tsiron nan, Arvids da waya yake kewaye nasa. Ya daɗe a tsugune yana juya guntun saiwa a hannu.

Matarsa Ilga ce ta same shi a haka. Ya gaya mata komai, idonsa a kan ramin.

Ta ce, "To tsoho, shinge ne tsakaninku, ba teku ba. Ka je ka faɗa mata."

"Zan sayi wani dashen."

"Ka yi shekara huɗu kana gadin kyanwa? Matar nan ta rame, ko ba ka gani? Jiya na kai mata cuku, ko kallon barandar ba ta yi."

"Ba ki san bakinta ba ne."

"Ni? Shekara talatin da biyar ina shan sa."

Ya ce zai je gobe. Gobe ta yi, ya ce ana ruwa. Ya daina bi ta gefen shingen, in zai je rijiya sai ya zaga ta bayan dankali. Baƙin burodin da yake so ma ya koma gutsura yake yana ajiyewa. Da ya ji ƙarar ƙofar Velta sai ya shige rumfa.

Ranar Laraba Velta ta kama shi.

"Auta! Ɓuya kake yi, ko tsufa ne ya lanƙwasa ka?"

Ya matso. Ta dafa shingen da hannu biyu, ya ga zobenta ya yi mata yawa.

"Ran Asabar ka zo da zartonka. Duka huɗun nake so a sauke."

"Yaya Velta, a ƙara musu shekara mana."

"A'a. Kullum na buɗe ƙofa sai su tuna mini abin da na yi. Shekara talatin yana lallaɓa su, ni shekara ɗaya na gama da su. Da zan iya da kaina da ban roƙe ka ba."

Ta juya. Ta shige gida.

Ranar Juma'a ya wasa zarton, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ilga ta tsaya a bakin rumfa tana kallonsa, ta ce, "Wasa shi da kyau, ka saba," ta koma ciki.

Asabar da hantsi ya shiga ta ƙaramar ƙofar shinge. Velta ta kwashe kujeru daga baranda, ta ɗaura ɗankwali. Inuwar wurin ta yi sanyi, ganye ya yi duhu, lafiyayye, babu ko ɗaya da ya yi rawaya. Ta dafa kurangar da ke kusa da matakala, mai kaurin damtsen mutum.

"Fara da wannan. Ita ya fara dasawa."

Ta kawar da kai wajen titi. Imants ya durƙusa, ya ɗora haƙoran zarton a kan ɓawon. Ya ja sau ɗaya. Ɓawon ya ɗan kwaile, ɗanyen kore ya bayyana. Hannunsa ya ƙi komawa.

"Me kuma? Zarton ne ba kaifi ko mai zarton?"

Ya ajiye shi a ƙasa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Ɗaga murya, Auta, ba da ƙasa kake magana ba."

Ya ɗago, yana nan a durƙushe.

"Lafiyarsu ƙalau. Mata ne duka huɗun. Namijinsu yana bayan rumfata, Yaya Arvids ne ya dasa shi can. Na sare shi a kakar da ya rasu, bayan kin ce kar a taɓa komai. Lokacin ban san amfaninsa ba. Amma yau mako uku da na sani, ina kallonki kina ɗora wa kanki, na yi shiru."

Ta juyo a hankali. Hannunta na kan kurangar.

Ya cire hularsa.

"Ba hannunki ba ne, Yaya Velta. Nawa ne. Ki yafe mini."