Kaset Huɗu a Murhun Gashi

Ran Lahadi ne a tsakiyar Agusta, birnin Memphis na Amurka ya ɗauki zafi tun hantsi, irin zafin da ke manna wa mutum riga a baya. Odessa Whitlow ba ta je coci ba. Tun da aka yi mata aiki a maƙogwaro shekara shida da suka wuce, ba ta son zama cikin masu waƙa tana motsa leɓe kawai.

Faifai uku ta fitar a zamaninta, duk waƙoƙin soyayya, a salon kiɗan jaz da sol. Na huɗu an ɗauka, amma kamfanin ya rushe kafin ya fito. Waƙoƙinsa suna cikin kaset biyar ne, irin na da masu faɗin faranti, sun shekara arba'in a ƙasan kabad, kuma ba wanda yake da kwafi. Burinta ɗaya ne: ta sake jin muryarta a cikinsu.

Mijinta Cleon, wanda ya kaɗa mata ganga a duk faya-fayan, shi ya san dabarar. Tsohon kaset yakan yi danƙo, sai ya sha ɗan ɗumi na awanni kafin ya yarda ya juya. Tun jiya ya jera su a murhun gashi. Bai kunna wuta ba, ƙwan fitilar ciki kawai ya bari.

"Yarinya, yau za ki ji kanki," in ji shi. Ya zaro guda ɗaya ya tafi gareji ya gwada.

Bai daɗe da fita ba yayar Odessa, Vernell, ta shigo daga coci, da hularta da kwanon ƙullin burodin masara.

"Ina tsohon naki? Yana can yana lallashin injinansa ko? Da ni ya aura, da tuni na kai su bola."

Ta wuce kicin, ta murɗa makunnin murhun har ƙarshe kamar yadda take yi kowace Lahadi, ba ta buɗe ƙofarsa ba. Ta juya ta saki famfo tana wanke ganye.

Daga kujerar piyano a falo Odessa ta hango ta. Ta ce, "Yaya!" Iska ce kawai ta fito. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, sandarta kuma tana can jingine a bakin ɗaki. Sai ta ɗaga hannu biyu ta maka wa piyanon, ta sake makawa.

"Na gode maka, Yesu!" Vernell ta yi ihu daga kicin, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Shekara shida ba ta taɓa shi ba! Buga, ƙanwata, buga! Ko ba daɗi ma, buga!"

Odessa ta yi ta bugawa har tafinta ya yi zafi, Vernell tana rausaya a gaban famfo. Warin roba ne ya kawo Cleon da gudu. Ya fizge ƙofar murhun, ya jawo farantin ƙarfen da kaset ɗin ke kai da hannunsa, ko tsumma babu. Kaset ɗin sun riga sun lanƙwashe, zaren ya narke ya dunƙule.

Vernell ta zame ta zauna a ƙasa da kayan cocinta. "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?" Ta dubi ƙanwarta, ta dubi piyanon, sai ta rufe baki da hannu.

Odessa ta yafito ta. Da Vernell ta matso, Odessa ta raɗa mata a kunne: "Saura ɗaya. Share hancinki."

Cleon ya shigo falo da injin sauraron kaset, yatsunsa naɗe da tsumma, ya ɗora ɗayan da ya rage. Zaren ya juya. Wata mace 'yar shekara talatin da ɗaya ta ja numfashi, ta fara waƙa. Odessa ta lumshe ido, hannunta cikin na yayarta.

Waƙa uku suka tsira. Kaset huɗu sun ƙone, da waƙa goma sha ɗaya a cikinsu, da fatar yatsun Cleon guda uku.