Bangon Da Ya Yi Ciki

Ranar Talata ce. Kwana uku aka yi ana ruwa babu ɗagawa, sai da gari ya waye ya tsagaita, amma sama ba ta washe ba. Ta sauko ƙasa-ƙasa, baƙa wuluk daga gabas, kamar mutumin da ya yi shiru a tsakiyar faɗa ba don ya huce ba. Kwatoci sun cika sun batse, kuma duk ƙofar katakon da ke gidan ta kumbura, sai an sa kafaɗa take buɗewa.

Da kafaɗa Auta ya buɗe ɗakin Inna. Ba ta nan, ta tafi jinyar ƙanwarta, sai gobe da yamma za ta dawo. Ya hau bakin gadonta da ƙafa ɗaya ya sauko da firem ɗin da ke rataye a saman filo, ya lanƙwasa ƙananan ƙusoshin bayansa da farce, ya zaro hoton. Bai kai tafin hannu biyu ba, gefensa ya yi ruwan ƙasa. A ciki mahaifinsa ne tsaye a bakin wata ƙofa mai baka, riƙe da cokalin gini, yana kallon mai ɗauka kamar an katse masa aiki. Magini ne, kuma a shekarar da ya yi gyara a wani tsohon gini na bakin kogi wani matafiyi ya ɗauke shi ya aiko masa. Auta na da shekara biyu mahaifin ya rasu. Duk duniya wannan ne kaɗai hotonsa.

Abin kunyar shi ne Auta mai hoto ne. Shekararsa ashirin da tara, ya tara gemu, amma har gobe Auta ake ce masa. Yawo ne sana'arsa: tsofaffin gine-gine, gadoji, duwatsu, duk inda masu kalanda da wata mujallar matafiya suka tura shi. Hotunan da ya ɗauka sun fi gashin kansa yawa, amma bai taɓa kwafar wannan ba. Inna ba ta yarda a buɗe firem ɗin, shi kuma ya ce ba zai ɗauka ta bayan gilashi ba, ƙyalli zai ɓata fuskar, kuma shi ba ya aikin jeka-na-yi-ka. Yau yake so ya yi mai gaba ɗaya. Zai je ƙofar nan, ya tsaya daidai inda matafiyin ya tsaya, ya ɗaga tsohon hoton a gaban kyamara har layukan bangon ciki su haɗu da na bangon gaske, mahaifinsa ya koma tsaye a wurinsa. Zai wanke shi babba ya ba Inna, ya mayar da na asali kafin ta dawo. A can ƙasan ransa kuma yana hango shi a bangon mujalla.

Yayarsa ce ta ɗauke shi a 'yar motarta, don ya ce mata motocin haya ba sa shiga caɓi. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, tana da kantin magani, kuma ita ta goya shi. Sun yi nisa sosai sannan ya zaro ambulan daga cikin riga don ya duba ko danshi ya taɓa shi. Ta kalla ta gefen ido, ta taka birki har jakarsa ta zamo daga kujerar baya.

"Auta, mene ne wannan a hannunka?"

"Takarda ce, Yaya."

"Takarda mai fuskar Baba?"

Ya yi mata bayani, ta saurara hannunta a kan sitiyari. Da ya gama ta ce in wani abu ya taɓa hoton nan, to ya fara neman wata uwar tun yanzu, don ita ba za ta shiga tsakani ba. Ta ɗauko wayarta ta ce ya miƙo ta ɗauka ko sau ɗaya ne, a ajiye. Ya mayar da ambulan cikin riga. Ya ce waya ta ɗaukar takardar magani ce da 'ya'yan maƙwabta, kuma ba zai ba ta hoto mai shekara talatin ba alhali hannunta duk man shafawa. Ta yi tsaki mai tsawo, ta ce wannan girman kan ba a nono ya sha shi ba, ta ja mota.

Ginin na kan tudu, kogi na bin gindinsa. Da dutse da farar ƙasa aka yi shi, an ce ya haura shekara ɗari uku. Ranakun da ake da rana wurin cike yake da motocin baƙi da masu sayar da huluna. Yau babu kowa. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Bangon ya sha ruwa har ya yi duhu, kuma tattabarun da Auta ya saba gani a ramukan saman ƙofar duk sun koma kan rufin rumfar mai gadi, sun jeru a takure. Ya lura da su, ya ce a ransa za su yi kyau a hoto.

An ɗaura igiya daga wata bishiya zuwa turken fitila, ta tare hanyar ƙofar. Mai gadin ya fito, dattijo gajere cikin rigar ruwa da ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa ya ce su zaga ko'ina suke so, ban da nan.

"Bangon nan ya yi ciki," in ji shi.

Auta ya yi dariya. "Wata nawa, Baba? An san mai shi?"

"Ruwa ne mai shi. Kuma ba na jin zai kai dare."

Dattijon bai yi murmushi ba. Ya nuna musu wata tsaga da ta taso daga kafaɗar ƙofar ta yi sama. Ya ce shi ba injiniya ba ne, amma wani tsohon magini ya koya masa dabara: ka sami ɓallin gilashin taga, ka manna shi da siminti ya haye tsagar. In bango na zaune lafiya, gilashin zai shekara. Na farko da ya manna ya yi wata huɗu. Na biyu ya yi sati. Na uku jiya da yamma ya sa shi, da safen nan ya tarar ya rabe biyu. Ya kira ofishin da ke kula da ginin tun ƙarfe bakwai, sun ce suna tafe.

Yaya ta ce to ai magana ta ƙare, su juya. Auta ya kalli bangon. A idonsa bango ne kamar kullum, ƙato, mai kauri, ya ga damina ɗari uku bai gaji ba. Ya zaro hoton ya nuna wa dattijon, ya ce mahaifinsa ne, maraya ne shi, minti goma kawai yake roƙo. Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya ce bai san mutumin ba, amma ya san bangon a lokacin da yake haka. Ya yarda Auta ya ɗauki hotonsa, da sharaɗin ƙafarsa ba za ta haye igiya ba.

Daga bayan igiya abin ya ƙi. Ƙofar ta yi ƙanƙanta, hoton da ke hannunsa ya rufe ta gaba ɗaya. Matafiyin nan kusa ya tsaya, kamar taku goma sha biyu daga bakin ƙofar, igiyar kuwa ta fi taku talatin. Auta ya yi ta jujjuyawa yana ƙunƙuni. Can wajen ƙarfe huɗu abu biyu suka zo tare: wata motar baƙi ta tsaya a ƙasan tudu tana hon, mai gadi ya gangara ya mayar da su, sannan gajimare ya tsage daga yamma, rana ta zubo a kan jiƙaƙƙen dutsen ya koma kamar zuma. Mai hoto na iya shekara bai sami irin hasken nan ba, kuma ba ya wuce minti kaɗan.

Ya ɗaga igiyar ya sunkuya ya wuce. Yaya ta kira shi, ya ce yanzun nan.

Ya kafa sandar kyamara mai ƙafa uku a taku na goma sha biyu. Iska na kaɗa hoton a hannunsa, don haka ya ɗauko wani maƙalin ƙarfe mai dogon wuya ya ɗaura a jikin sandar, ya sa hoton a bakinsa tsakanin kwali biyu, ya murɗa notin tamau yadda ko guguwa ba za ta fizge shi ba. Ya sa ido a kyamara. Dakalin ƙasa ya haɗu. Gefen hagu na ƙofar ya haɗu, har wani dutse mai tabo ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa. Sai ga mahaifinsa tsaye a ƙofar kamar zai yi magana. Amma gefen dama ya ƙi. A tsohon hoton layin bangon ya miƙe sak kamar an ja shi da igiyar awo. Da ya fita daga gefen takardar sai ya gauce, ya turo waje, sannan ya koma.

Auta ya san wannan ciwon, ko ya ɗauka ya sani. Gilashin kyamara mai faɗin gani haka yake yi, yana lanƙwasa miƙaƙƙen layi a gefe, ya mayar da ginshiƙi kamar ganga. Ya zagi gilashin, ya cire shi ya sa wani. Layin bai miƙe ba. Ya ce to ƙasa ce ba daidai ba, ya duba ɗigon ruwan awon daidaito da ke jikin sandar, ya rage ƙafa ɗaya. Ya matsa dama taku guda, ya matsa gaba taku biyu. Yana yi yana dannawa, ko da za a dace. Wani abu kamar tsakuwa ya faɗo kusa da takalminsa, bai duba ba. Yaya na magana a bayansa, muryarta ta canza, amma kunnensa na cikin kyamara tare da idonsa.

Daga ƙarshe ya ɗauko ɗan ƙaramin gilashin da ya fi yarda da shi, wanda yake yi wa kirari da cewa bai taɓa yi masa ƙarya ba, yadda ido ke gani haka yake gani. Ya ɗaura, ya leƙa. Layin na nan a turo, har ya fi ɗazu.

Sai a sannan ya ɗago kansa. Ya kalli bangon da idon da Allah ya ba shi, daga ƙasa, daga kusa. Tsakiyarsa ta kumburo ta rinjayo kansa, ruwa na tsatsowa daga tsakanin duwatsu, tsagar nan ta buɗe har hannu zai shiga. Yashi na zubowa siriri a kan kwalin da ya riƙe hoton. A cikin bangon wani abu na ƙara a hankali, kamar ana tauna ƙashi.

Ya kai hannu ga notin. Ya ƙi juyawa. Yatsunsa sun jiƙe, kuma shi da kansa ya ɗaure shi yadda ba zai kwance ba. Zai iya fizgar hoton, amma zai yage, sai ya tsaya yana lallaɓa notin. Zai iya sungumar sandar gaba ɗaya, wannan bai zo masa ba sai daga baya. Abin da ya ji kawai shi ne an damƙi wuyan rigarsa ta baya.

"Sake shi."

"Yaya, Baba ne, bari in..."

"Na ce sake shi, don ubanka."

Ta fizge shi da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Suka yi baya suna tuntuɓe, igiyar ta harɗe su suka zube cikin caɓi. Bangon bai faɗi da sauri ba. Cikin ya fara fashewa, duwatsu suka zubo daga tsakiya, sannan saman ya tsaya jim kamar yana shawara, ya biyo su tare da rabin ƙofar. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin bayansu. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya.

Mai gadi ya hauro da gudu rigar ruwansa na jan ƙasa. Ya nuna Auta da yatsa, ya nuna Yaya, ya tambaya ko su biyu ne dama. Da aka ce masa e, sai ya zauna a gindin turken fitila. Bai yi faɗa ba. Auta ya tashi zai nufi tarin duwatsun, dattijon ya ce sauran rabin ma tafe yake, in yana so a haƙo shi da mahaifinsa daga wuri ɗaya to bismilla. Inda sandar take, duwatsu ne masu girman raguna, tsayin tarin ya fi mutum, farar ƙasa ta kwaɓe tana gangarowa kamar kunu. Kafin su bar wurin hasken ya ɗauke, ruwa ya dawo.

A mota Yaya ba ta kunna injin da wuri ba. Gwiwar hannunta ta goge tana jini, ta naɗe da gefen mayafi. Ta ce gobe shi zai je ya ɗauko Inna a tasha, kuma shi zai faɗa mata da bakinsa kafin ta shiga ɗaki. Ya ce to.

Ba a rasa rai ba. An rasa bango kamu ashirin da rabin ƙofa mai baka. An rasa kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, sanda mai ƙafa uku, da memori mai hotuna arba'in da ɗaya na ranar, kowanne da fuskar magini a tsakiyarsa. An rasa takalmin Yaya na ƙafar hagu. An rasa hoto guda ɗaya.