Sharaɗin da Na Sa a Takardar Sulhu

Ni na kai Yaya kotu, ba sai an ɓoye ba. A kan shagon kafinta na Babanmu ne. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya fasa bangon baya ya faɗaɗa wurin, bai ce mini kanzil ba, sai ka ce ni ba 'yar gidan ba ce. Ni kuwa in raina ya ɓaci ba na jin kira.

Wata takwas muna zarya. Ranar da Kawu ya zo ya zauna a bencin kotu da sandarsa yana kallonmu, kunya ta kama mu, muka yarda da sulhu. Lauyana, wani siriri mai yawan gyara tabarau, ya raɗa mini cewa hanya biyu ce: ko a kori ƙarar har abada, ko a kore ta amma a bar mini damar dawo da ita duk ranar da Yaya ya sake taɓa ginin ba da izinina a rubuce ba. Na zaɓi ta biyu. Wai ni mai wayo.

Yaya ya dube ni. "Auta, har da wannan?"

Na ce in ba shi da wata manufa, mene ne abin tsoro? Ya sa hannu, alƙali ya sallame mu.

Bai kuwa sake taɓa komai ba, ko ƙusa ɗaya. Da rufin ya fara yoyo, sai ga wasiƙa an buga da na'ura, wai yana neman izinin canza kwano biyu. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya! Haushi ya sa na bar ta mako uku a kan firiji. Kafin in amsa ya kwashe kayan aikinsa ya kama hayar shago a wata unguwa. Ruwa ya ci silin, gara ta ci teburin Baba.

Teburin bai dame ni kamar zaman falon Yaya ba. In na je gidan, sai ya riƙa auna kowace magana. Matarsa da muke tsokanar juna ta koma "sannu da zuwa" kawai, yara su gaida Gwaggo su sulale.

Bana na gaji. Na sa lauya ya rubuta shafi ɗaya da zai kashe maganar gaba ɗaya, na kai wa Yaya a sabon shagonsa da kaina. Ya kakkaɓe garin katako daga hannunsa, ya jawo mini kujera, ya karanta sau biyu.

Na ce, "Yaya, na yi kuskure. Sa hannu mu huta."

"To, bar ta a nan," ya ce. "Sai na nuna wa lauyana tukuna."

Babu fushi a muryarsa, wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rako ni bakin ƙofa kamar yadda yake raka masu kawo aiki, ya ce in gaida gida, ya koma ya ɗauki zartonsa.