Rijiyar Malam Falalu

Ruwan da ke cikin kwalbar garai-garai yake kamar hawaye. Badi'a ta ɗiga masa sinadari sau uku, ta girgiza, ta ajiye a kan teburin ɗakin gwaji. Kafin ta gama share hannu ya fara rinewa, ya koma shunayya mai duhu.

Ta zubar, ta wanke kwalbar, ta sake. Ta kuma sakewa da sabon sinadarin da ba a taɓa buɗewa ba. Duk kanwar ja ce.

Shekara shida ke nan tana aiki a wannan kamfanin jimar fatu da ke Challawa, ta kuma san ma'anar launin nan kamar yadda ta san sunanta. Kuromiyam ne, sinadarin da ake jeme fata da shi, irin nau'insa da ke cin ƙoda a hankali. Sai dai ba daga kwatar kamfani ta ɗebo ruwan ba. Daga rijiyar gidansu ne, a Unguwar Marke, ƙauyen da ke gangare kaɗan da bayan katangar kamfanin.

Kakanta ne ya haƙa rijiyar. Mahaifinta, Malam Falalu, limamin ƙauyen, da ruwanta yake wanke allo ya ba marasa lafiya rubutu. Mutane kan taso daga nesa da jarkoki saboda albarkar da ake cewa tana da ita. Ita kanta Badi'a ba ta taɓa shiga jarrabawa ba, tun daga firamare har jami'a, sai ta sha rubutun Baba, ba kuma ta taɓa jin hakan ya ci karo da abin da take karantawa ba. Da bisimilla take fara kowane gwaji. A wurin aiki ana ce mata Ustaziya saboda dogon hijabinta, a ƙauye ana ce mata 'yar boko, duka biyun kuma murmushi take yi musu.

Wata bakwai da suka wuce ƙafafun mahaifiyarta, Inna Hansatu, suka fara kumbura. Yanzu sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda. Ranar da Badi'a ta raka ta asibiti, ta ƙirga mutum huɗu 'yan ƙauyensu a layi guda. Abin da ya sa ta ɗebo ruwan ke nan.

Ta ɗauki kwalbar ta haura sama ofishin manaja.

Injiniya Mustapha ya dubi kwalbar ya dubi Badi'a, sannan ya janyo wani fayil ya tura mata.

"Sa hannun wa ke ƙasan takardun nan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wata saba'in da biyu, kowane wata kin rubuta ruwan da muke fitarwa ba shi da illa. Ko ƙarya kika yi?"

"Abin da aka kawo mini na gwada. Daga sabon bututu ake ɗebowa. Tsohon bututun da ke bayan rumbun gishiri fa, ina yake zubarwa?"

"An toshe shi tun kafin ki zo."

"Na je na gani jiya. Ƙasar wurin a jiƙe take, ciyawa ba ta fitowa."

Ya jingina da kujera, ya sassauta murya. "Malama Badi'a, kamfanoni nawa ne a Challawa? Wa zai rantse namu ne? Mutum ɗari huɗu ke cin abinci a nan, rabinsu 'yan ƙauyukanku ne. Kuma ni kin ba ni mamaki. Ke da kika fito gidan malamai, ke za a koya wa cewa cuta da mutuwa na Allah ne?"

Ta ɗauki kwalbarta. Ta sauko tana tuna cewa a shekara shida ba ta taɓa jin ya ambaci Allah a ofishin nan ba sai yau.

Ranar Asabar da hantsi ta isa gida. Ta tarar da Malam Falalu a zaure a kan buzunsa, alluna uku a jingine, yana wanke na huɗu cikin ƙwarya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta san na wa ne rubutun. Tun da Inna ta kwanta, kullum sai ya rubuta mata allo bakwai.

"Baba, ina da magana. Kada ku ba Inna wannan."

Hannunsa ya tsaya. Ta fito da kwalabe biyu daga jaka, ta ɗebi ruwan randa a ɗaya, ta zuba ruwan leda a ɗaya, ta ɗiga musu sinadarin. Ya zuba ido har ɗaya ta rine, ɗayar ta zauna yadda take. Ta yi masa bayani da Hausar da ta fi sauƙi, ba ta ɓoye sunan kamfaninsu ba.

"Ke kika zuba masa abu ya canza," in ji shi.

"Abin da na zuba tona asiri kawai yake yi. Gubar tana ciki tun da farko."

"Badi'atu, me na karantar da ke a babin ruwa?"

Ta sunkuyar da kai ta karanto, kamar tana 'yar shekara tara. "Ruwa muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canza ba, mai tsarki ne, mai tsarkakewa."

"To, ɗauki ƙwaryar nan ki shinshina. Ki ɗanɗana."

"Ban ce ba shi da tsarki ba, Baba. Alwala ta yi da shi, salla ta yi. Amma tsarki daban, lafiya daban. Ku kuka koya mini cewa addini bai yarda mutum ya cutu ko ya cutar ba."

Ya daɗe yana kallon baƙin ruwan da ke cikin ƙwaryar. Da ya yi magana, muryarsa ba ta fita sosai.

"Kin san abin da kike gaya mini? Tun da uwarki ta kwanta na hana ta shan kowane ruwa sai wannan. 'Yar'uwarta ta kawo mata na leda, na ce a mayar. Matar Garba mai shayi, da Aina'u ta gidan Sarkin Noma, duk wanda ciwon nan ya kama ni na ce ya ninka sha. Kina cewa da hannuna…"

Bai ƙarasa ba.

"Tashi ki shiga wurin uwarki," ya ce.

Ta shiga. Inna tana kwance, fuskarta ta yi suntum, ta kama hannunta tana tambaya ko Malam ya gama rubutun, don in ta sha takan ji sanyi a ranta. Badi'a ta ce ya kusa. Da ta tashi sallar azahar, ta kasa tara hankalinta. Wata tambaya ce ta maƙale mata: in ayar waraka ce, me ya hana ta rinjayi gubar? Ta yi istigfari, tambayar ta dawo. Ta yi sujada ta daɗe, ta ɗago tambayar tana nan. Ba ta daina yarda da ayar ba, ba kuma za ta iya ƙaryata kwalbar ba, sai ta ji kamar an ba ta garwashi biyu an ce ta zaɓi wanda za ta riƙe.

Kwana shida Malam Falalu bai yi mata maganar ba, amma bai sake taɓa allo ba. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe ya fuskanci jama'a. Ya ce rijiyar mahaifinsa ta gurɓata, 'yarsa ta nuna masa da idonsa, kuma ya haramta wa kansa ba wa kowa ruwanta. Ya ce duk wanda ya sha ta hannunsa ya cutu, yana roƙon ya yafe masa. A ranar ya sa aka ɗora mata murfin ƙarfe aka sa kwaɗo.

Badi'a ta zaci daga nan gari zai tashi tsaye. Ya tashi, amma ba inda ta zata ba.

Ranar Litinin mai gadi ya tare ta a ƙofar kamfani da takardar sallama: ta yi amfani da kayan gwaji ba da izini ba. Bayan mako biyu kamfanin ya ɗauko wasu masu bincike daga wani gari, suka zo da farar mota, suka ɗebi ruwa, suka aiko da takarda mai hatimi cewa lafiyarsa ƙalau. Aka karanta ta a ƙofar gidan mai unguwa. Sai kuma kamfanin ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, da tanki da allon suna, aka yanka sa. Badi'a ta kai sakamakonta ofisoshi uku. A biyu aka ce ta dawo, a na ukun aka nuna mata takardun da ta sa wa hannu wata saba'in da biyu, aka tambaye ta wanne za a gaskata.

A ƙauye kuwa magana ta juya. Waɗanda 'ya'yansu ke aiki a kamfanin suka ce tana neman ta rufe musu hanyar abinci don an kore ta. Tsofaffi suka ce boko ya shiga gidan Malam ta ƙofar gaba, har ya sa shi ya tozarta abin da ubansa ya bari. Wani matashin mai wa'azi ya ce dama rubutun sha bidi'a ne, ga shi Allah ya tona. Wannan ta fi yi wa Badi'a ciwo, domin ya ɗauki gwajinta ya mai da shi sandar dukan ubanta. Sahun masallaci ya ragu. Garba mai shayi, wanda matarsa ta rasu a watan, ya daina gaishe da Malam, ya kuma daina gaishe da Badi'a, kowanne da nasa dalilin.

Inna Hansatu ta rasu da farkon damina, wata Laraba da safe. Kwana biyu kafin nan ta roƙi Malam ya rubuta mata ko allo ɗaya ne. Badi'a ta kawo ruwan leda ta ajiye a gabansa, ta ce da wannan babu komai. Ya ɗauki alƙalami, ya tsoma a tawada, ya riƙe shi bai kai kan allo ba har tawadar ta ɗige a kan buzu. Ya ajiye. Ya je ya zauna a gefenta ya yi ta karanta mata da baki.

A wurin zaman makoki wata tsohuwa ta ce, yadda Badi'a za ta ji, "Da dai an bar ta da rubutunta."

Ba a yi wata uku ba injin burtsatsen ya ƙone. Aka aika kamfani, suka ce sun yi nasu. Mata suka koma bin 'yan garuwa, da abin ya gagara, wata safiya aka tarar an fasa kwaɗon rijiyar Malam. Badi'a ta fito ta tsaya a bakinta tana roƙonsu. Aina'u, da ƙafafunta kumburarru, ta ci gaba da jan guga ba ta ko dube ta ba.

"Mun ji, guba ce," ta ce. "Ƙishirwa kuma mene ne? Kawo mana wani mu sha."

Badi'a ta matsa ta ba ta hanya.

Da la'asar ta sami mahaifinta a zaure. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Allunan suna jingine a lungu, gizo-gizo ya fara saƙa a tsakaninsu. Ta ajiye masa abinci za ta fita, ya ce ta zauna.

"Ina da tambaya. Ban sami amsarta a littattafaina ba." Ya dubi allunan. "Abin da na riƙa ba uwarki, aya ce da guba a ƙwarya guda. A naku ilimin, ana iya gane wadda ta fi yi mata aiki?"

Ta so ta ce masa ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin ya fara ba ta rubutun. Ta san zai karɓa. Amma shi ya ƙi yi wa jama'a ƙarya a masallaci, ga abin da ya jawo masa, ba za ta saka masa da ita ba.

"Gubar kaɗai na iya aunawa, Baba. Ta yi mata illa. Ɗayar kuwa ba ni da ma'auninta. Na dai san takan ce in ta sha tana jin sanyi a ranta."

"Kin yarda da hakan, ko lallashina kike yi?"

"Na yarda. Kullum sai na yi faɗa da kaina a kai, amma na yarda."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ladan ya kira salla. Malam Falalu ya janyo butarsa ya ji ba komai a ciki, jarkar ruwan saye ma ta ƙare tun safe. Ya fita da kansa ya zura guga a rijiyar ubansa, ya cika butar, ya tsuguna a bakin zaure.

Ya yi bisimilla, ya wanke hannuwansa sau uku. Ya kamfaci ruwa a tafinsa ya kai kusa da baki zai kurkure, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dubi 'yarsa.

Ruwan ya yi ta zurarewa ta tsakanin yatsunsa har tafin ya zama wayam. Ya sake ɗiba, ya wanke fuskarsa.