Humrar Turai

Turai tana ɗiga ruwan ƙaramar kwalba cikin humrar da take haɗawa sai Deborah, maƙwabciyarta malamar makaranta, ta yi sallama. Mata uku na zaune a tabarma suna jiran tasu. Duk unguwar Kawo an san humrar Turai da wani ƙamshi mai kama da zuma, wanda take cewa mahaifinta ne ya kawo daga Makka.

Kafin ta ɓoye kwalbar, Deborah ta ɗauka tana karanta rubutun jikinta.

"Ashe na Faransa ne! Furen wani ɗan icce ne mai ruwan ɗorawa, a tsaunukansu yake fitowa. Tun kaka da kakanni suke tatsar turare daga furen, rassan kuma su ɗaure su yi shara. Shi ya sa ma Turawan Ingila ke ce masa tsintsiya."

"Tsintsiya?" in ji Jummai, ɗaya daga cikin matan. "Wato Makkar taki a kantin Turawa take?"

Aka fashe da dariya. Deborah ta rufe baki, sai yanzu ta gane abin da ta yi. Turai ta sunkuyar da kai. Mijinta Datti, akawun sakatariya, shi ya sayo mata kwalbar bara. Ƙaryar kuwa ita ta ƙaga, don a daina raina hannunta.

Ba dariyar ce ta fi damunta ba. Akwai Iya Hansai, tsohuwar da ke bayan masallaci, wadda ba ta taɓa zuwa hajji ba, ta kuma turara likkafanin da ta tanadar wa kanta da humrar nan saboda albarkar Makka.

Turai ta yafa mayafi ta tafi gidan Iya. Ta durƙusa a bakin ɗaki ta faɗi komai.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin ƙyallen, ta sansana shi har sau biyu.

"Yana da daɗi kuwa," ta ce a hankali.

"Iya, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yar nan." Ta miƙa mata ƙyallen. "Ungo, ki wanko mini. Ki kawo kafin la'asar, ban san ranata ba."