Yaɓen Siton Goro

Wa ya fi iko da tsohon gini, wanda ke zaune a gindinsa ko wanda ke kewarsa daga nesa? Dikko ya juya tambayar nan har ya gaji, bai samu bakin zarenta ba.

Kafin korona, kamfanin gine-ginen da yake wa aiki a Doha ya tura shi Japan. Ranar hutu aka kai su Kurashiki, unguwar fataken zamanin da, inda tsofaffin rumbunan shinkafa suke jere a bakin ruwa, farare tas. Abokan tafiya suna ta hoto, shi kuwa ya tsaya kallon wani dattijo a kan tsani yana cike tsagar bango a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Yana dawowa ya kira yayansa Shehu a Kano, ya ba shi labarin dattijon, ya ce siton goron marigayi Baba, ginin ƙasa, ba za a rushe shi don shaguna ba.

"To zo ka taka ƙasa," in ji Shehu. Haka al'adar gidansu take, duk wanda ya ce a bar gini, da ƙafarsa zai cuɗa ƙasar yaɓe bayan damina.

Dikko ya ce korona ta sa an rufe hanya. Da aka buɗe, ya ce aikin filin wasan Lusail ya sha masa kai. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa.

Ana tsakiyar Kofin Duniya, yana gararamba a kasuwar Waƙif ta Doha cikin 'yan kallo, zama ya gagare shi, sai ga kiran Shehu.

"Injiniyan Japan! Bangon gabas ya sunkuyo wa rumfar ƙanwarka Zalihatu. Jibi masu rusau za su zo."

"Yaya, bari in turo kuɗi a sa magina..."

"Tsohon nan naka na Japan, ta waya yake nasa yaɓen?"

Shehu ya kashe. Dikko ya zaga kasuwar, ya sake zagawa. Wasu Japanawa masu shuɗayen riguna suka wuce shi suna waƙa. Maigidansa ya riga ya ce babu hutu sai an gama gasa, kuma wanda ya tafi kada ya sa ran kujerarsa. Ya tsaya jikin wani bango, ya shafa shi da tafin hannu, sannan ya danna kira.

"Yaya, a ɗauke rumfar Zalihatu yau. A kawo jar ƙasa a jiƙa, ina tafe."

"Da takalmin ofis?"

"Zan cire."