Makarantar Tsakanin Rafi Biyu

Sau biyu Ɗanmaliki yana shiga majalisar jiha, kuma duka biyun soja ne suka sallame shi tun bai gama gane kan aikin ba. Mutumin Unguwar Baraka ne, wani ƙauye da ke kudu da Karaye idan an ɗauki hanyar Gwangwan. Da can malamin firamare ne, yana kuma noma gyaɗa da dawa a gonar da ya gada. Ba shi da yawan magana. Abin da ya sa aka tsayar da shi takara a shekarar tamanin da uku shi ne manya biyu sun ƙi bar wa juna, sai Shitu, wanda ke juya harkar jam'iyya a yankin, ya ce a ba malamin nan da ba ya faɗa da kowa.

A yawon neman ƙuri'a alkawari ɗaya ya yi, shi ma don an ce dole ya faɗi wani abu ne. Ya ce zai kawo makaranta Unguwar Baraka, yara su huta da tafiyar ƙasa zuwa Kafin Dafga. Ya ci zaɓe. Ya ɗinka manyan riguna, ya kama ɗaki a Kano, ya riƙa zama a kujerar baya yana koyon yadda ake neman izinin magana. Ya shirya jawabinsa na makaranta tsaf, ana ta ɗaga ranar da zai yi shi. Da ya zo gida hutun ƙarshen shekara, yana tsugune da hantsi yana gyaran babur, matarsa Hajo ta fito da rediyo a hannu ta ce ya saurara, ita dai kiɗan soja take ta ji.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ko an ambaci majalisun jihohi, ko ta tarayya kaɗai aka rushe. Hajo ta ce ita ta ji an ce duka. Bai gamsu ba, sai da ya hau mota ya je Kano ya tarar da ƙofa a rufe, sojoji na zaune a kan benci. Ɗayansu ya tambaye shi wa yake nema. Sai ya ce ɓatan hanya ya yi.

Ya koma ƙauye ba koyarwa ba majalisa, amma sunan Onarabul ya bi shi. Mutane suka ci gaba da kawo masa kukan rijiya da na taki, shi kuma ya kasa fahimtar da su cewa yanzu ƙarfinsa ɗaya da nasu. Bayan 'yan shekaru aka kafa Kwamitin Makarantun Karkara a yankin, aka ce tsofaffin malamai ake so, ban da 'yan siyasa. Shitu ya je ya shaida wa masu naɗin cewa siyasar Ɗanmaliki ba ta yi tsawon da za a lissafa ta ba. Aka naɗa shi.

A wannan kwamitin ne abin da ya gagara a majalisa ya yiwu. Aka amince da aji biyu. Sai gardama ta tashi a kan wurin gini, domin manoman Unguwar Baraka suna so a bakin gari, Fulanin da ke rugagen kudu suna so a kusa da su. Hamma, abokin Ɗanmaliki tun suna yara, mai shanu ne kuma shi ke magana da yawun rugage, shi ya kawo shawarar da kowa ya karɓa. Tsakanin ƙauyen da rugagen akwai rafi biyu. Na arewa shi ne tsohon rafi, yashi ne zalla sai da damina. Na kudu shi ne inda ruwan ya koma bi tun wata shekara da aka yi ambaliya. Tsakaninsu akwai tudu mai faɗi da babu mai noma shi. Nan aka gina makarantar, aka rufa mata kwano, aka turo Malam Muntaka ya zama hedimasta kuma malami.

Da siyasa ta dawo da jam'iyyu biyu, Shitu ya sake zuwa. Suka yi magana a kan jam'iyya mai alamar mikiya, Ɗanmaliki ya ce to. Ranar da aka kawo hotunan takara sai ya ga fuskarsa a ƙarƙashin doki. Shitu ya ce abubuwa sun canja a makon jiya, bai samu sukunin zuwa ya faɗa masa ba. Ɗanmaliki ya sake ci. Wannan karon ya samu ya miƙe ya yi jawabi, ya nemi a ƙara wa makarantun karkara azuzuwa, aka tafa masa, aka ce za a duba. Ana cikin dubawa soja suka dawo. Hajo ba ta ma ɗauko rediyo ba, tambayarsa kawai ta yi ko ya bar wani kaya a ɗakin Kano. Ba da jimawa ba aka mayar da shi kujerarsa ta kwamiti.

Abin da ya fi ɗaure masa kai a duk rayuwarsa ya zo ne lokacin da aka cire Rogo daga ƙaramar hukumar Karaye. Kwamitin Makarantun Karkara ma aka raba shi biyu. Tsohon ya ci gaba da zama a arewa ƙarƙashin Alhaji Sulle, sabon ya fara zama a kudu ƙarƙashin wani Alhaji Ɗantala. Aka ce iyaka a wajen Unguwar Baraka ita ce rafi. Tsohon kwamiti ya bar Ɗanmaliki a kujerarsa tunda gidansa yana arewa. Sabon kwamiti ya naɗa shi shi ma, tunda gonarsa tana kudu kuma mahaifiyarsa 'yar Gwangwan ce. Ya je ya gaya wa kowane shugaba cewa yana cikin ɗayan, kowanne ya ce ya dai zauna tukuna har abubuwa su lafa.

A zaman farko na tsohon kwamiti, bayan an gaisa an tambayi iyali da gajiya, Alhaji Sulle ya ce ya je da kansa ya gani: idan mutum ya taso daga arewa sai ya tsallake rafi kafin ya kai makarantar, saboda haka ta kudu ce. Ɗanmaliki ya ɗaga hannu ya ce rafin biyu ne.

Alhaji Sulle ya ce, "Onarabul, ni ɗaya na tsallake."

Aka yanke shawarar a miƙa makarantar ga sabon kwamiti, kuma aka wakilta Ɗanmaliki ya kai saƙon, tunda shi ya san hanya. Ya hau babur ya tafi kudu ranar zamansu. Ya tsaya a tsaye ya isar da saƙon arewa, sannan ya zagaya ya zauna a kujerarsa don a tattauna abin da ya kawo. Alhaji Ɗantala ya ce shi ma ya je, kuma sai da ya naɗe wando ya tsallake ruwa kafin ya kai makarantar, don haka ba tasu ba ce. Aka ce a mayar wa arewa da kayansu cikin girmamawa. Da aka zo zaɓen wanda zai kai amsa, duk ido ya koma kan Ɗanmaliki.

Haka ya yi ta kai-kawo har damina ta faɗi. Wani lokaci yana kan babur sai ya manta saƙon wa yake ɗauke da shi, sai ya tsaya a gindin ɗorawa ya tuna daga ina ya taso. Akwai ranar da ya fara karanto wa mutanen kudu hujjarsu da kansu, sai da ya ga suna gyaɗa kai duka sannan ya gane. Ana haka tsohon kwamiti ya ɗauke Malam Muntaka ya kai shi wata makaranta, tunda wannan ba tasu ba ce. Sabon kwamiti ya ce ba zai tura malami inda ba nasa ba. Aka sa kwaɗo a ƙofa. Yaran rugage suka koma kiwo, na ƙauye suka koma gona, awaki suka mayar da barandar wurin fakewar ruwa.

Wata ranar kasuwa Hamma ya zo gida ya same shi. Hajo ta kawo musu fura, suka gaisa a tsanake, aka tambayi shanu aka tambayi shuka. Sai da Hamma ya ajiye ludayi sannan ya ce:

"Malam, an ce mini kai ne a can, kai ne kuma a nan."

Ɗanmaliki ya ce haka ne.

"To ka zauna da kanka mana ku daidaita. Mu mun ba da 'ya'yanmu, mun saba musu da allo, yanzu sun fi ƙarfin sandar kiwo kuma ba su kai biro ba."

Ɗanmaliki ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce shi murya ɗaya ce a arewa, murya ɗaya a kudu, kuma idan ya goyi bayan makarantar a arewa sai a ce kudu yake yi wa aiki. Yana cikin bayanin sai ya ji shi kansa bai gane abin da yake faɗa ba. Hamma ya ce shi da Fulatanci da Hausa duk ya juya maganar, bai ga inda ta dosa ba.

Washegari Ɗanmaliki ya nemo maƙeri ya cire kwaɗon, ya share aji ɗaya, ya fara koyarwa da kansa. Yara kaɗan ne suka dawo. Littattafan ma sun canja tun barinsa aiki, sai ya riƙa karanta darasi da safe kafin ya koyar da shi. Ya kuma yi tattaki har Kano ya roƙi a turo safiyo, mai awon ƙasa, ya raba gardama. Safiyon ya zo da taswira, ya shimfiɗa ta a kan benci, kowa ya leƙa. Rafi ɗaya ne a jiki. Ya tambaya wanne ne rafin, manoma suka nuna na kudu suka ce ai inda ruwa yake nan ne rafi, Fulani suka nuna na arewa suka ce shi kakanninsu suka sani. Safiyo ya auna duka biyun, ya ci tuwon Hajo, ya ce za a ji daga gare shi. Ba a ji ba.

Bayan girbi aka sanar da zaɓen ƙananan hukumomi. A duk wannan faɗin babu wani gini mai kwano da za a ajiye akwatin zaɓe sai makarantar, kuma mutanen da za su yi ƙuri'a a wurin suna da yawa. A zama na gaba Alhaji Sulle ya ce ya sake nazari, yashi ba rafi ba ne, rafi shi ne mai ruwa, don haka makarantar tana cikin arewa. A kudu Alhaji Ɗantala ya ce tsohon rafi shi ne na asali, ruwa zai iya canja hanya amma iyaka ba ta canjawa. Ɗanmaliki ya zauna a zaman biyun yana jin kowa na faɗin abin da abokin gardamarsa ya faɗa a bara.

Wata Litinin yana cikin aji sai ga babura biyu sun tsaya, ɗaya daga kowane rafi. Malam Muntaka ne aka dawo da shi daga arewa, da wani Malam Jibo da kudu ta turo, kowanne hedimasta, kowanne da allon sunan makaranta ɗaure a bayan babur. Suka gaida Ɗanmaliki, suka gaisa da juna, sannan suka tsaya suna kallonsa. Ya duba azuzuwan nan biyu, ya ce Malam Muntaka ya ɗauki manyan yara, Malam Jibo ya ɗauki ƙanana, alluna kuma a kafa su duka. Cikin mako guda yara suka cika azuzuwan, domin labari ya kai rugage cewa yanzu malamai biyu ne.

Shitu ne ya zo har gona ya faɗa masa hukuncin kwamitocin biyu. Ya ce arewa ta sauke shi saboda ya ba mutumin kudu aji, kudu kuma ta sauke shi saboda ya ba mutumin arewa manyan yara. Ɗanmaliki ya jingina fartanya ya tambaya ko akwai wanda ya ce a rufe makarantar. Shitu ya ce a'a, kowa ma so yake ya ƙara mata malami kafin ɗayan ya riga shi.

Da ya koma gida ya zauna a kan tabarma. Can ya ce wa Hajo, "Ni fa ban sani ba, kora ce aka yi mini ko aikin ne ya ƙare?"

Hajo ta ce, "Malam, ni dai na ga yara suna wucewa da safe."

Ranar zaɓe suka tafi tare. Akwati biyu aka kawo, na arewa a ajin Malam Muntaka, na kudu a ajin Malam Jibo. Hajo ta bi layin mata. Ɗanmaliki ya ciro katinsa ya duba, sunan makarantar kawai aka rubuta a jiki. Ya tsaya a tsakar fili, ma'aikatan zaɓe na ƙofofin biyu suna ɗaga masa hannu, kowanne na cewa, "Nan ne, ranka ya daɗe." Rana ta fara zafi, sai ya bi layin da ya fi gajarta, ya dangwala ya fito.

A hanyar komawa, suna cikin yashin tsohon rafi, ya tambayi Hajo a wane aji ta yi tata ƙuri'ar. Ta ce a na Malam Muntaka. Shi kuwa a na Malam Jibo ya yi. Ya tsaya kamar zai koma, Hajo ta ce ta bar wake a kan wuta, suka ci gaba da tafiya.